Ranar da Na Soye Kiwon Dani

Ko zan manta komai na zaman New York, ba zan taɓa mantawa da Asabar ɗin da na shiga taron masu kiwon hawainiya rungume da kula ba.

Lokacin ina aiki a wani gidan kula da tsofaffi a Staten Island tare da wani Bature mai suna Dani, mutumin kirki, ba ruwansa da hayaniya. Hawainiya yake kiwo, a cikin ɗakinsa, cikin keji mai fitila. (Mu dai iyakar hulɗarmu da hawainiya a ce ta kiyayi ramar mutum, amma nan har asibiti ake kai ta.) Wata rana muna hutun cin abinci ya shiga ba ni labarin wahalar samun fara a ƙasar nan, wai ya sha fama kafin ya samu 'yan kaɗan, yanzu tattalinsu yake yi. Ni kuwa da jin an ambaci fara sai bakina ya buɗe. Na ce masa ni 'yar Damagaram ce, da fara aka yaye ni, babu abin da ban sani ba a kanta. Ya yi ta kallona da girmamawa. A raina na ce, ashe Turawa ma sun fara sanin daɗi.

Tsakani da Allah ya sako hawainiyar a cikin zancen, amma na ɗauka labari biyu ne daban. Wa zai kawo a ransa cewa mutum da hankalinsa zai yi kiwon fara don ƙadangare?

Ana tsakiyar sanyi sai ga shi a ƙofata a Park Hill da wani babban akwatin roba mai huji-huji. Ya ce hitar gidansu ta lalace, sanyi zai kashe farar da ke ciki. "Ke ce kika san su. Ki zo da su ranar Asabar, abokaina za su taru, kowa ya ƙosa ya gani."

Yana tafiya na kira maƙwabciyata Anti Rabi. Ta leƙa akwatin, ta riƙe haɓa.

"Fara a Amurka, kuma rayayya? Ke, daga ina?"

"Anti, wai party za su yi ranar Saturday, ni aka ba aikin."

"To ki fitar da mu kunya, 'yar nan. Kar ki yi musu irin ta kasuwa."

Abubuwan da ke cikin akwatin sun ɗan ɗaure mini kai: fitila, ganyen latas, da wani kofi cike da rairayi mai damshi. Anti ta ce Turawa ko kaza za su yanka sai sun fara yi mata gado, na yarda da bayaninta. Na zuba musu ruwan zafi, na cire fukafukai da ƙafafu, na busar da su a kan hita, na soya da mai kaɗan, na barbaɗe da yajin da na sayo a Harlem. Manya-manya ne, masu ciki. Anti ta ɗanɗana ta ce ko a gida sai an tona.

Taron a ɗakin ƙasa na gidan wani abokin Dani aka yi. Ina shiga na ga tebura jere da robobi: wannan gyare, wannan tsutsa, wancan kuwa kyankyasai ne, suna ta yawo. Wani ya miƙa robar tsutsa aka musanya masa da ta gyare. Na ce lallai mutanen nan sun wuce inda nake zato, har da kyankyaso suke ci? Ga shi ban ga faranti ko ɗaya ba, sai na ce ƙila a tsaye suke ci. (Eh, har lokacin ban gane ba. Ku yi dariyarku.)

Dani ya taho da fara'a ya ce wa jama'a, "Ga gwanar da nake gaya muku." Na miƙa masa akwatinsa wankakke fes, sannan na ɗora kula a tebur na buɗe. Ƙamshin yaji ya cika ɗakin, wata mata ta yi atishawa, daga nan ba wanda ya ƙara motsi.

Dani ya duba kula, ya duba akwati, ya sake duba kula. Can a hankali ya ce, "Kofin rairayin fa? Ƙwansu yana ciki."

Na ce, "Na wanke shi tas."

Sai a lokacin matar mai atishawa ta yi mini bayani kamar mai magana da marar lafiya. Waɗannan iyaye ne, iri ne. Dani ya yi wa mutane alkawarin kowa zai samu mace da namiji ya je ya fara nasa kiwon, su kuma su ba shi tsutsar da zai ciyar da hawainiyarsa har sanyi ya wuce. Don ruɗewa sai na ji bakina yana cewa ko za a gwada ba hawainiyar guda ɗaya, ai yajin bai yi yawa ba. Ta ce abin da ba ya motsi ba ta ci.

Da Dani ya zage ni da na fi samun sauƙi. Sai ya bi tebura ɗaya bayan ɗaya yana ba mutane haƙuri, yana cewa laifinsa ne da bai yi bayani ba, ni kuma ina tsaye da murfin kula a hannu, kunya kamar ƙasa ta tsage in shige. Wani dattijo ne kawai ya tausaya mini, ya ɗauki ɗaya ya tauna, ya nemi ruwa.

Sai da bazara ta zagayo Dani ya sake samun iri, kuma bai ƙara kawo mini ajiya ba. Ni kuwa tun daga ranar, duk wanda ya ba ni riƙon abu mai rai, ko kyanwa ce, kafin ya juya sai na tambaye shi: a raye kake son ta dawo?