Kaka da Hoton Telanta

"...ya kuma ƙarfin jiki, amarya? Ko ba ki gane mijin naki ba ne?"

Ƙanena Dogo ke nan, ya durƙusa gaban Kaka da leda a hannu, ni kuma ina gefe ina shanya. Tun da likita ya ce idonta na dama ya yi yana, na hagun ma sai an lallaɓa shi, Kaka ta tsiri zama a tsakar gida da rana tsaka, ba inuwa ba tabarau. Mun yi magana har bakinmu ya gaji. Dogo kaɗai ke iya mata, don shi bakinsa ba linzami.

"Na gane ka mana," in ji ta. "Wa ke da kai kamar tulu a gidan nan in ba kai ba? Ka tare min rana."

"Inuwa nake miki kyauta. Wane miji ne zai miki haka?"

"Miji? Wanda na goya yana jiƙa min zane? Me ka kawo?"

"Karas, alayyafo, lemo da ƙwai."

"Akuya ka auro? Mazan kirki suna shigowa da nama, kai kana shigowa da ciyawa."

"Maganar likita ce. Ya ce a cikin rana akwai wani haske da ba a gani, amma yana cin ido a hankali. Ganye da karas da lemo suna da sinadarin da ke taimaka wa ido ya jure, tabarau kuma ya tare saura. Ina wanda na sayo miki?"

"Yana ƙarƙashin matashi yana hutawa. Ni zan sa baƙin gilashi kamar wadda 'yan sanda ke nema?"

"Karas ɗin makon jiya fa?"

"Zomayen maƙwabta sun ce a gaishe ka. Da wane haƙorin zan ci? Biyu suka rage, ɗaya sama ɗaya ƙasa, su ma ba sa ga maciji."

"Haka na aure ki, haka zan haƙura."

"Kai yaro ne. Idon nan da kake rainawa, shi ya riƙa zura wa kakanka zare a allura da fitilar ƙwai. Tun daga ƙarshen layi nake hango shi ya taso daga shago, daga tafiyarsa kawai in san ko ɗinki ya yi kyau ranar."

"To na ji. Me kike ɓoyewa a cikin mayafi?"

"Ba ruwanka."

Kafin ta rufe baki ya zaro shi. Wani ɗan ƙaramin hoto ne mara kala, gefensa duk ya cinye. Marigayi kakanmu ne a ƙofar shagonsa, da tef ɗin awo a wuya.

"Au, ashe da tsohon saurayi ake cin amanata. Ina can ina wahalar neman ganye, ke kina nan kina zance."

Kaka ba ta yi dariya ba. Ta miƙa hannu tana laluben hoton.

"A ɗaki ba na ganinsa," ta ce a hankali. "Sai dai duhu-duhu a kan takarda. A rana ne kawai fuskarsa ke ɗan fitowa. In na sa tabarau ɗinka kuma, ya ɓace gaba ɗaya."

Na tsaya da jiƙaƙƙen zane a hannu, tausayinta ya cika ni. Mu duk mun ɗauka taurin kan tsufa ne.

Dogo ya ƙura wa hoton ido. Sai ya ciro wayarsa ya ɗauki hoton da ita, ya kama hannunta.

"Taso, amarya. Yau ni da kaina zan kai ki wurin abokin takarata."

Na bi su ɗaki. Ya zaunar da ita a bakin gado, ya ƙara hasken wayar, ya buɗa hoton da yatsu biyu har fuskar ta cika gilashin. Kaka ta matso da ita dab da idon hagu, ta ƙura masa ido.

"Ga wushiryarsa," ta ce. "Ga ma tabon da almakashi ya yi masa a haɓa. Na zaci na rabu da su ke nan."

"Gobe zan kai a wanko miki babba kamar faranti. Amma da sharaɗi. Rana sai da tabarau, karas kuma a goge miki shi a abinci."

"Ji ɗan fashi. To, na yarda."

"Ni da na sha wahalar fa, ba za a kalle ni ba?"

"In kallo ya yi saura, na ɗan duba ka."

Ta yi dariya tana share hawaye da bakin mayafi, idonta bai bar wayar ba.

"Ku goga min karas ɗin da yawa," ta ce. "Ina so in daɗe ina ganinsa."