Rogon da Na Kai wa Surukina

Zuwa ga Mai Girma Sabuwar Cutar Rogo,
Baƙuwar da ido ba ya gani,

Ranki ya daɗe.

Bayan gaisuwa mai yawa da ban gajiyar hanya, don malamin gona ya ce daga nesa kika taso, kika ƙetare ƙasashe ba fasfo. Ni ne manomin da kika sauka a gonarsa ba sallama. Ina da 'yan koke-koke, in ba zan takura miki ba.

Na ɗaya. Ɓarayin gona da muka saba da su suna da kunya. Tsutsa in ta ci sai ta bar rami a ganye, kowa ya san ta zo. Ke kuwa kin bar mini ganye kore shar, masu wucewa suna tsayawa suna yabawa. Sai da na tona na yanka, na tarar cikin rogon ya yi baƙi ya ruɓe, ko akuya ta sunsuna sai ta juya. Ranki ya daɗe, wace irin tarbiyya ce wannan?

Na biyu. Direbobinki masu yawo da ke gona-gona, fararen ƙudajen nan da ba su kai ƙwayar shinkafa ba. Da can sanyi ke korarsu duk shekara. Yanzu sanyin leƙowa kawai yake yi ya koma, zafi ya tare, su ma sun tare da 'ya'ya da jikoki. Na yi feshi har kafaɗata ta sage, sannan malamin gona ya ce ke ba ki da magani, sai dai a tuge a ƙone.

Na uku, kuma shi ne babba. Mu ba ma sayen irin rogo. Sandar rogon ake sara a ba maƙwabci ya dasa, shi ma ya ba wani. Tun kafin in tona nawa, kyan ganyen nan ya ruɗe ni, na zaɓi sanduna masu ƙiba na ɗaure dami-dami, na kai wa surukina da kaina, har da cika baki cewa bana sai ya ɗauko mota. Tsohon ya tuge irinsa na gado ya dasa nawa, gona guda. Yanzu duk wanda ya je gaishe shi sai ya sha labarin kirkin mijin autarsa. Wallahi kunya ta hana ni cin abinci. Matata kuwa ta ce tunda ni na kai, ni zan faɗa.

Gobe surukin nawa zai fara tono, ya aiko in je in ga albarkar hannuna. Zan je, zan faɗa masa gaskiya, mu ƙone tare. Ba na roƙon ki tafi, na san girmanki ya wuce jin roƙo. Alfarma ɗaya tak nake nema: gindin farko da za mu tona, na bakin hanya, ki bar shi fari tas. Ina so in ga dariyar tsohon nan sau ɗaya kafin in buɗe baki.

Naki mai biyayya, durƙushe da fartanya a kafaɗa,

Mijin Auta