Yadda Ake Ɓoye Jar Wutar Batir Har A Ba Ka Mata

"Tsiry, wannan jar wutar ta gaban sitiyari fa? Tun Talata take kunne."

"Zuciyar motar ce, Onja. Da kin shigo sai ta kama da wuta, kamar ta mai ita."

"To, ranar Asabar dai kada zuciyar ta tsaya a ƙofar gidanmu. Ka san halin Baba."

Na san shi kuwa. Baban Onja ya sha faɗa cewa wanda bai iya riƙon mota ba, ba zai iya riƙon 'yar mutane ba. Ga shi Asabar ɗin za mu je neman aurenta, a motar da na gada wurin kakana, wadda ta ba ni shekara ashirin da biyar. Ya kai ɗan'uwana a soyayya, in motarka ta daina cajin batir ana gab da babbar rana, bi matakan nan. Sakamako tabbas ne, ni ganau ne.

Mataki na 1: Kada ka buɗe bonet

Masana za su ce ka taɓa fambel, bel ɗin da ke juya dinamo, ko ya saki, ka kankare farin garin da ya taru a kan batir, ka sa mai gyaran waya ya leƙa dinamo. Rabu da su. Littattafan soyayya da na karanta sun fi ɗari, ban ga inda jarumi ya riƙe sufana ba. Ciwon da ba a duba ba, ai jita-jita ne.

Mataki na 2: Toshe bakin wutar

Jar wuta 'yar tsegumi ce. Manna mata ƙaramin hoton masoyiyarka. Da na manna na Onja, sai kumatunta suka yi ja kamar tana jin kunyata. Har ƙwalla na yi.

Mataki na 3: Ƙulla zumunci da gangara

Ba a banza aka gina birninmu, Tana, a kan tuddai ba. Ajiye mota hancinta na kallon ƙasa, dutse a gaban taya. In za ka tashi, janye dutsen, faɗa ciki da gudu, sa giya ta biyu, saki kuloci. In an tambaye ka dalilin ajiye ta nesa, ce kana son kallon gari daga sama. Masu zurfin tunani haka suke.

Mataki na 4: Yi wa batir tattali

Ba oda, ba rediyo, ba abin share gilashi. Ranar Asabar ruwa ya kece mana a hanya, sai na miƙa wa Kawu Fidy tsumma, shi da zai yi mana jawabin neman aure.

"Kai ɗan nan, mai jawabi ka ɗauko ko mai wankin mota?"

"Kawu, an ce motsa hannu na buɗe murya."

Mataki na 5: In babu gangara, bar ta a kunne

Gidan su Onja na unguwar Anosizato, bakin fadamun shinkafa, ƙasa shimfiɗe kamar faifai. Ko tudun tururuwa babu. Sai na bar injin yana kaɗawa a ƙofar gida, na ce wa surukai tsohuwa ce, ba ta son sanyi. Man da ke cikinta kwalba guda ne, kamar na kowane direban kirki a garin nan.

Mataki na 6: Roƙi mai jawabi ya taƙaita

Na roƙa. Amma wa ya isa ya fara magana gaban manya bai nemi afuwa ba? Kawu Fidy ya nemi afuwar kakanni. Ya nemi ta dattawa, wai shi yaro ne, mai shekara saba'in. Ya nemi ta waɗanda suka fi shi iya magana amma ba su samu zuwa ba. Mai jawabin gidan amarya ya miƙe ya rama, har da ƙari. Ni kuwa kunnena na taga. Kawu na tsakiyar kwatanta Onja da farin wata, motar ta yi tari sau biyu, ta yi tsit. Duk falon aka juyo ana kallona.

Mataki na 7: Bar surukai su tura, yana ƙara danƙon zumunci

An sayo mai, na murɗa makulli, ko uhum. Kawunnan amarya suka gyara fararen mayafansu na kafaɗa, suka shiga taɓo. Kafin a fara, Baban Onja ya leƙa ciki, ya ga fuskar 'yarsa jawur. Ya ɓare hoton. Ya buɗe bonet, ya danna fambel da yatsa ɗaya, ya lotsa kamar igiyar shanya.

"Wa ke da sufana goma sha uku?"

Onja ta zuge jakar hannunta. "Tun Talata take nan, Baba. Jira nake ya tambaya."

Cikin kwalliyarta ta sunkuya ta ɗaure fambel ɗin. Aka tura sau ɗaya, inji ya kama, jar wutar ta mutu. Ban taɓa son ta kamar lokacin ba, ban kuma taɓa fatan ƙasa ta tsage kamar lokacin ba.

Neman afuwa

Da farko ya kamata in yi, amma kun ga abin da ya jawo mana. Duk wanda ya bi matakan nan batirinsa ya mutu, ko bayan surukinsa ya riƙe, ko aka koro shi da tsintsiya, babu ruwan marubuci, balle Kawu Fidy. Ni dai ga yadda tawa ta ƙare. Baban Onja ya kurɓi ruwan ƙanzon shinkafa, ya goge baki, ya ɗaga murya yadda har maƙwabta za su ji:

"Yaron nan bai iya riƙon mota ba, amma 'yata ta iya. Saboda haka ban ba shi ita ba. Shi ne na damƙa mata, da shi da motar. Makulli a hannunta, shi kuma ya riƙa zama kusa da ƙofa, saboda turi!"