Yadda Na Kori Kyanwar Coci

Ba zan taɓa mantawa da ranar da Bishop ya zo cocinmu ba, ko da ma na so in manta, mutanen garinmu ba za su bar ni ba. Tsakiyar shekarun saba'in ne, na fito daga kwalejin horon malamai da ɗumina, aka turo ni koyarwa a firamaren mishan ta ƙauyenmu, tafiyar awa guda a keke daga Kafanchan. Ina da takarda, ina da tulin gashi, ina kuma da wando mai faɗin ƙafa irin na yayi, wanda ke share ƙasa in ina tafiya. A ganina duk ƙasar babu wayayye kamata.

Na tarar da ƙungiyar mawaƙan coci a hannun Baba Katikis, dattijon da ke koyar da addini, muryarsa ta soma gajiya. Matan zumunta sun mamaye komai da tulunansu na kiɗa da kacau-kacau, ana ta waƙoƙin Hausa da na yarenmu. Abin ya dame ni ƙwarai. Ga ogan a kusurwa, wannan akwatin kiɗa da ake taka wa zuga-zugi da ƙafa, wanda turawan mishan suka kawo tun kafin a haife ni, amma a ce da tulu za a tarbi Bishop? Na je wajen Fada, limamin cocinmu, na roƙa a ba ni shugabancin mawaƙa. Ya ce in shirya waƙar ranar da Bishop zai zo ɗora wa yara hannu don tabbatar da su cikin addini, in ta yi kyau, kujerar ta zama tawa. Ban taɓa son wani abu a duniya kamar kujerar nan ba.

Dokokina uku ne. Waƙar Latin za a yi. Ba tulu, ba yare. Sannan kada wanda ya kuskura ya buɗe baki sai ya ji sauti na farko ya fito daga wajena. Wannan ta ukun na nanata ta har suka haddace (ku riƙe ta, za mu dawo kanta).

Sai maganar kyanwa. Akwai wata tsohuwar kyanwa mai ido ɗaya da ta mayar da saman ogan gadonta. Ta Mama Monika ce, shugabar matan zumunta, wadda ke share coci kowace Asabar. Kullum na ɗaga murfi sai gashi, kullum sai gashi! Na kore ta da tsintsiya, ta dawo. Na watsa mata ruwa, ta dawo ta zauna tana kallona da idon nan guda kamar ni ne baƙon.

Saura mako biyu aka ce za a yi wa coci farar ƙasa, a fitar da komai. Na sa aka kai ogan ɗakin ajiya na bayan coci, inda aka jibge kayan godiyar kaka: buhunan masara da acca da gyaɗa da citta. Ina sa kwaɗo sai ga Mama Monika, kyanwa a hammata.

"Malam, ka bari shi ma ya shiga," in ji ta.

"Mama, ɗakin Allah ne, ba masaukin dabbobi ba."

"Ɗana, wannan kyanwa aiki yake yi. Uwanshi ma a nan ya yi aiki."

"Wane aiki? Barci?"

Ta buɗe baki za ta yi bayani, na ɗaga mata hannu, ni ɗan jiya-jiya, na ce ina da abin yi. Ta dube ni daga gashi har wando ta ce, "To, Malam. Kai ne ka yi makaranta." Na jefa makulli a aljihu ina jin na yi nasara. Muka koma yin gwaji a ajin makaranta, da baki kawai.

Ranar ta zo. Na yi niyyar gwada ogan da sassafe, amma gugar wando ta cinye lokacin, don gawayin dutsen gugar ya yi ta mutuwa. Ana buga ƙararrawa ta ƙarshe aka ciccibo ogan aka dire a gaba. Coci ya cika maƙil, mutane daga Madakiya da ƙauyukan kewaye har ta taga suke leƙe. Bishop ya tsaya a bakin ƙofa da doguwar hularsa da sandarsa, yana jiran waƙar shigowa. Na zauna, na gyara kafaɗa, na ɗora yatsu, na taka.

Fuuu.

Iska ce kawai. Na sake takawa. Fuuu, sai wani ƙaiƙayin masara ya bulbulo ta ƙasa. Mawaƙa talatin sun zuba mini ido, bakinsu a rufe gam, yadda na koya musu. Na shiga taka abin nan da ƙafa biyu kamar mai hawan tudu da keke, ina cewa a zuci, yau ko ni ko kai. Ashe ɓeraye sun cinye fatar zuga-zugin, sun yi sheƙa a ciki, har da iyali. Da girgizar ta ishe su sai suka fashe. Biyu suka nufi bagade, ɗaya ya bi ta ƙarƙashin bencin yara. Babbansu kuwa ya duba, ya ga ƙofa a buɗe mai faɗi, ya shige ƙafar wandona.

Jama'a, na yi ihu. Ba da Latin ba, ba da Turanci ba, ko Hausa ban samu ba. Da yarenmu tsantsa na ƙwala wa uwata kira, a gaban Bishop. Su kuma mawaƙana, Allah ya saka musu, da suka ji sauti na farko ya fito daga wajena, sai suka ɗauka. A kan muryar ihun suka kama waƙar Latin, can sama inda ko tsuntsu ba ya kaiwa. Ni ina tsalle ina dukan cinya, su suna ta ƙoƙarin bin hannuna, sun ɗauka jagorantar waƙar nake yi. Wace irin biyayya ce wannan? Har yau in na tuna haushi nake ji.

Waƙar ta watse a layi na biyu. Aka yi tsit, ban da yaran da ke shaƙe dariya. Sai na ji dum, dum, dum daga bencin mata. Ashe Mama Monika ta shigo da tulunta a cikin zani, sauran ma kowace da nata a ƙarƙashin benci. Ta ɗaga wata waƙar Hausa da kowa ya sani, coci gaba ɗaya ya amsa, har ƙasa tana motsi. Bishop ya shigo yana gyaɗa kai. Ni kuwa ina bayan ogan a durƙushe, ina zazzage wando.

Bayan an idar da Mas, wato sujadar ranar, Fada bai yi mini faɗa ba, da ma ya yi da ya fi mini sauƙi. Cewa kawai ya yi Mama Monika za ta riƙe mawaƙa. Na je na tsuguna a gabanta na ba ta haƙuri.

"Ba komai, ɗana," ta ce. "Ka zo gwaji ran Laraba. Muna neman mai kacau-kacau."

Shekara shida na yi ina kaɗa kacau-kacau a layin baya. An kai ogan Kafanchan an ɗinke shi, kuma ranar da ya dawo kyanwa ta haye samansa ta miƙe ƙafa, ba wanda ya ce mata ƙala. Ita an mayar da ita bakin aikinta, ni ko sau ɗaya ba a sake yi mini tayin nawa ba.

Tun daga ranar, in na shiga sabon wuri na tarar da wani yana barci a inda bai dace ba, gaishe shi nake yi da ladabi, sai na tambayi tsofaffi aikin da yake yi. Wandon kuma na kai wa tela ya tsuke ƙafar.