Jan Tabo a Kan Mijina

Wai me ya tashe ni tsaye a ranar nan? Har yau ban sani ba.

Ko gobe aka tashe ni daga barci ba zan manta ba. Jikata Hadiza ce ta ɗauko ni daga Argungu zuwa Birnin Kebbi, wai za a nuna aikinta gaban manyan malamai. Ban tambayi ko wane aiki ba ne. Na dai sha atamfata, aka ba ni kujerar gaba.

Aka haska hoto a bango. Wani mai tabarau ya ce tauraron ɗan adam ne ya ɗauko shi daga sama: itatuwan bakin teku, masu tsirowa cikin ruwan gishiri. Na san su a bakin marigayi mijina, Garba masunci. Shekara da shekaru can yake cin rani, yana bandar kifi da itacensu. Can ya rasu, ko kabarinsa ban gani ba.

"Kore daji ne," in ji mai tabarau. "Jan nan kuwa ɓarnar masu banda ce."

Ɓarna. Mutumin da hayaƙi ya cinye wa idanu don mu ci tuwo.

Sai na ji ni tsaye. (Ni da gwiwa ke hana ni ruku'u.) Na nuna bangon da sandata na ce, "Wane marar tarbiyya ne ya shafa wa mijina ja? Tauraron naku ya ga itace, bai ga yunwa ba? A fito da shi in ga uwar da ta haife shi!"

Hadiza ta miƙe a hankali.

"Ni ce, Inna. Shekara biyu ina yin sa."

Uwar da na nema in gani, ɗiyata ce ta cikina, tana zaune kusa da ni.

Har yanzu ina jin haushi: na mai tabarau, na tauraro, na Garba da ya tafi ya bar ni da wannan baki. Abin da na koya ɗaya ne: kafin ki zagi mai tuwo, leƙa madafa.

Kuma da na tuna, da ban tashi ba. Ranar da zai hau mota tafiyarsa ta ƙarshe, ya ce mini:

"Itacen can ya kusa ƙarewa, mu muka cinye shi. Ki bar Hadiza ta yi karatu."