Ɗanlami Ya Mutu a Safana, Yana Raye a Batsari

Ni dai gani nake na gama wayewa. Labari ɗaya nake rubutawa, amma wuri uku nake sakinsa ta waya: zauren masu karatuna na Batsari, na 'yan Safana, da wata manhajar littattafai. Har wasu nake koya wa dabarar.

Babin ƙarshe iri biyu na rubuta don in zaɓa. A ɗaya jarumina, Ɗanlami mahauci, ya mutu, a ɗayan ya warke. Ina bisa mashin na tura, ko dubawa ban yi ba.

Ran kasuwar Batsari sai ga Gwaggo Asabe, wadda jikarta ke karanta mata a Safana.

"Ɗan nan, ya muka ji da haƙurin Ɗanlami?"

Musa mai tsire ya ce, "Haba Hajiya, mutumin da aka sallamo jiya?"

Suka zuba mini ido. Na buɗe manhajar don ta raba gardama, ashe can babin bai ma hau ba, Ɗanlami na nan kwance asibiti.

Har yau in na shiga kasuwa, wannan ya yi mini ta'aziyya, wancan barka. Musa kuwa sai ya rage murya: "Marubuci, ya mai jiki?"