Hasiya Ta Zare wa Jakata Ƙashin Baya

"...Lafiya lau, bawan gidanmu. Shigo, amma ka bar tsiyarka a bakin ƙofa."

Hasiya ke nan, 'yar kawuna, taubashiyata. Takalma take sara a kasuwar Zhanxi Lu ta kai Kano. Ni kuwa Ilu, karatu ya kawo ni Guangzhou, muka kalli juna ni da karatun, kowa ya kama gabansa. Na koma rakiyar 'yan kasuwa har biza ta ƙare, yau da yamma jirgi ɗaya za mu bi da ita. Ɗan abin da na tara na zuba shi a fitilun sola da batura, zan riƙa goya su zuwa ƙauyukan kan dutse can wajen Riruwai, inda ko babur ba ya hawa. Jiya na bar mata ƙatuwar jakar goyon da na saya don aikin, ta haɗa mini da kayanta.

"Ina amaryata?"

"Wace mara rabon ce?"

"Jakata."

"Ga ta can bayan sikeli. Na gyara maka ita, saura godiya."

Jakar da na bari a tsaye kamar soja, sai ga ta a naɗe kamar tabarmar masallaci. Na shafa bayanta, na ji laɓas.

"Hasiya, ina ƙarafunan?"

"Sandunan nan biyu da aka cusa don ta yi kyau a shago? Na zare. Yaron da ya daɗe a China bai san ana zubar da kwali ba? Wa ya taɓa biyan kuɗin kilo a kan marufi?"

"Innalillahi! Ba marufi ba ne, ƙashin bayanta ne! Su ke sauke nauyi daga kafaɗa su ɗora a ƙugu. In babu su, buhun gawayi ya fi ta daraja."

"Jaka da ƙashin baya? Gobe ka ce tana da haƙora."

"Gyaran gangar Abzinawa! Ke da za a ba ki amanar raƙumi, tozon za ki yanke ki ce kilo ya yi yawa."

"Ai kai ma da zan auna ka, kan zan cire, tunda kwali ne ba kaya a ciki."

"Shi ya sa mijinki ke ramewa duk zuwan da kika yi. Rage shi kike kaɗan-kaɗan."

Ta kwashe da dariya. Ni ma na so in taya ta, na kasa.

"Ina kika jefa su?"

"Tsohuwar nan mai tara kwalaye a keke ta kwashe tun da safe. Har shiye-shiye ta ce mini."

"Dole ta gode. Ta samu wawa da sanyin safiya."

"To koma shagon mana, a ba ka wasu."

Na ciro waya na kira mai shagon a unguwar Liwan. Na ce lawban, wato maigida, ƙarfen jakar nake nema. Ya ce meyo. Na ce to wata jakar irinta. Ya ce meyo, meyo, tawa ce ta ƙarshe, ita ce ma wadda ke rataye don talla.

"Me ya ce?"

"Ya ce babu. Ya ce in gaishe da annobar gidan kawuna."

"Ba a fafe gora ranar tafiya. Wa ya hana ka yi mini bayani jiya?"

"Wa ke yi wa mutum bayani kada ya zare ƙashin bayan abin da aka ba shi ajiya?"

Na zauna a kan ɗaurin takalmanta, na rungume jakar.

"Kin san yadda na zaɓe ta? Shago-shago na bi. Duk wadda na ɗauka sai na sa a cika mini ita da gorunan ruwa, in goya, in ɗaure ɗamarar ƙugu, in hau bene in sauko, 'yan shago na yi mini dariya. Wata ta ci mini kafaɗa, wata ta fi bayana tsawo, wata ɗinkinta ya yi ƙara tun a hawan farko. Wannan ce na goya na ji kamar wani ya kama mini. Hasiya, tunda na zo ƙasar nan komai da ka na yi shi. Ita kaɗai na zaɓa da hankali. Ba zan kai wa Inna takardar digiri ba, na ce bari in kai mata sana'a."

Hasiya ta dubi sikelin, ta dubi jakar.

"Da na sani ƙeya ce," in ji ta, murya ƙasa-ƙasa. "Wallahi taimako na nufa."

"Allah Ya tsare mu da taimakonki."

Ta buɗe akwati, ta ciro sabon mayafin da ta saya wa kanta a kasuwar Shisanhang, ko leda bai fita ba. Ta murɗe shi, ta naɗa gammo, ta ɗora mini a ka.

"Riƙe wannan tukuna. Kakanmu da gammo ya yi fatauci, bai taɓa kuka da ƙashin bayan jaka ba."

"Shi ya sa ya mutu ba wuya."

"Rufe mini baki! Muna sauka, kafin in buɗe ɗauri ɗaya, ni da kai sai wajen maƙera. Ka auna, su ƙera, in tsaya a kansu har ta miƙe. In ba ta miƙe ba, zuwana na gaba ita zan fara nema kafin takalmi."

"In kuma ba a samu ba?"

"Sai in goya maka baturan da kaina."

Ta warware jakar, ta zura hannuwa, ta saɓa ta a baya. Jakar ta zube mata har ƙwauri kamar jaririn da ya yi barci.

"Wuce gaba, ranka ya daɗe," in ji 'yar kawuna. "Daga nan har Kano, ni ce baiwar."

Na gyara zaman gammona, na wuce.